Ilhami: Baiwa ce ko Bashi ne?

Akwai wata tambaya da ba ta tsufa a duk inda aka taru don zancen adabi. Ko a zauren gidan matasa da al'adu na Maraɗi ne, ko a ajin ƙarshe na wata lise a Damagaram, da zarar marubucin da aka gayyato ya kammala jawabinsa aka ba da damar tambayoyi, sai wani matashi ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, daga ina labari yake zo maka?" Marubucin yakan yi murmushi ya ce baiwa ce daga Allah, a tafa masa, a tashi. Amsar gaskiya ce, domin babu abin da ɗan Adam ya mallaka wanda ba Allah ne ya ba shi ba. Sai dai amsa ce mai sallamar mai tambaya hannu wofi. Manomi ma in baƙo ya tambaye shi yadda ya cika rumbu zai ce Allah ne ya bayar, amma in ɗansa ne ya yi tambayar, gona zai kai shi ya nuna masa inda ake zuba taki.

Hausa ba ta rasa kalmomin da take kewaya wannan abu da su ba: baiwa, basira, hikima, fasaha, zalaƙa. Daga Larabci kuma ta karɓi ilhami. Malamai sun raba tsakanin wahayi, wanda na annabawa ne kuma an rufe ƙofarsa, da ilhami, wato abin da ake jefa wa bawa a zuciya ba tare da ya san ta inda ya shigo ba. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tsara waƙa ko labari ya san wannan lokaci: ya yi kwanaki yana fama da shafi guda, sai wata safiya yana kan hanyar kasuwa jimlar da ta gagare shi ta faɗo masa cikakkiya, kamar wani ne ya raɗa masa a kunne. Babu mai musun faruwar haka. Abin bincike shi ne da me aka gina wannan jimla, kuma wa ke da hakki a cikinta.

Mutanen dā sun amsa da aljanu. Larabawan jahiliyya sun ɗauka cewa kowane babban mawaƙi yana da shaiɗaninsa mai raɗa masa baitoci, har suka ambaci wani kwari mai suna Abƙar suka ce can ne mazaunin aljanu, kuma daga sunan kwarin suka ciro kalmar da suke kiran gwanin gwanaye da ita. Mutanen Girka sun jingina waƙa ga wasu alloli mata, waɗanda ɗaliban lise ke cin karo da sunansu a waƙoƙin Faransanci. A ƙasar Hausa kuwa da wuya a sami makaɗin da ya shahara ba a yi raɗe-raɗin yana da iska ba. An faɗa a kan Narambaɗa, an faɗa a kan Shata. Akwai kuma wani salo mai tsarki na wannan labari, shi ne na Busiri, mawaƙin Misira na ƙarni na 13, wanda aka ruwaito cewa jikinsa ya shanye, ya tsara ƙasidar yabon Manzon Allah (SAW), ya gan shi a mafarki ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya farka da lafiya. Har yau ana rera Burda a zaurukanmu na karatu.

Akwai gaskiya guda a cikin zancen aljanun nan da bai kamata a yar ba. Mawaƙin da ya ce ba shi shi kaɗai ya yi waƙarsa ba, yana amsa cewa waƙar ta fi ƙarfinsa, kuma wannan tawali'u ne. Amma zancen yana da illa iri biyu. Ta farko ƙarama ce, ita ce lalaci: saurayi ya sayi kyakkyawan littafin rubutu da biro, ya zauna ƙarƙashin bedi yana jiran abin ya sauko, shekara ta zagayo shafin farko bai cika ba; wani ma, da jiran ya ishe shi, sai ya tafi neman iskar a cikin hayaƙi da ƙwaya. Illa ta biyu ita ce babba. Wanda ya ce aljani ne ya sa masa magana a baki ya sami mafakar da zai ɓuya in maganar ta yi ɓarna. Ayoyin ƙarshe na Suratu Shu'ara'i sun zargi mawaƙa masu faɗin abin da ba su aikatawa, suka kuma keɓe waɗanda suka yi imani suka kyautata aiki. Zargin da keɓewar duka a wuyan mawaƙin aka rataya su, ba a nemi wani mai raɗa a bayansa ba.

In aka bar raɗe-raɗi aka dubi yadda makaɗin fada yake tasowa, sai a ga aljanin nasa da ido. Yaro ne da ya shekara goma ko fiye yana ɗaukar kotso ko taushi a bayan ubangidansa, yana cikin ƴan amshi, yana haddace jerin sarakunan gari da iyayensu mata da yaƙoƙin da suka yi. Kafin a yi wa sarki sabuwar waƙa, an bi fadawa an ji wane ɗan sarki ne ke harin gadon, wane hakimi ne ya yi rowa, domin a san inda zambo zai faɗa da inda habaici zai wadatar. Da dare a zauna da ƴan amshi a yi ta juya ɗiyan waƙa, a zubar da goma a riƙe ɗaya. Ranar sallah, in ya buɗe baki a ƙofar fada magana ta zubo kamar ruwan kwarkwaro, jama'a su ce iska ce ta hau shi. Ma'azu Ɗan Alalo a Damagaram da Ɗan Gurmu a Tawa ba su faɗo daga sama ba. Abin da kunnensu ya tara tun suna yara shi ne bakinsu ya mayar.

A fagen rubutun zube ma akwai misalin da duk malamin Hausa ya sani. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa. East ya sha fama kafin ya shawo kan masu ilimi, domin a ganin da yawansu ƙaga labari aikin tsofaffin mata ne da yara a dandali, bai dace da mai rawani ba. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta na farkon. Bayan ƴan shekaru aka ɗauko shi daga makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce mai juzu'i uku. Masu bincike sun bi sawun labaran, sun iske wasu a Alfu Laila wa Laila, wasu a Kalila wa Dimna, wasu a tatsuniyoyin da ƴan'uwan nan biyu na Jamus, su Grimm, suka tattara. Hatta akun da ke riƙe da zaren littafin baƙo ne: a wani tsohon littafin Indiya da ya ratsa ta Farisa, aku yana ba matar ubangidansa labari kowane dare don ya hana ta fita wurin kwartonta. Imam ya ɗauki akun, ya ajiye matar, ya sa ɗan sarki Musa a gurbinta, wanda in ya fita daga fada makircin waziri na jiransa.

Wanda ya ji wannan karon farko yakan ji kamar an rage wa Imam daraja. To amma a koma a karanta labarin Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin da aka soya don baƙo sannan ta haɗa mijin da baƙon da ƙarya har baƙon ya ranta a na kare. Ƙashin labarin yana cikin tatsuniyoyin Grimm, inda mai dafa abinci ce take yi wa maigidanta haka. Amma babu Bahaushen da ya karanta na Imam ya ji warin baƙunta. Yadda miji ke kiran matarsa, yadda ake yi wa baƙo maraba, kwaɗayin da ake rufewa da daɗin baki, ba'ar da ke ƙarƙashin kowace jimla, duk waɗannan babu su a littattafan da aka tara masa. Ya ji su ne a Kagara da Katsina, a zaure da kasuwa da bakin fadawa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Imam ya warware rigar aron ya sake ɗinka ta da zaren gida, har mai ita ba zai gane ta ba.

Nan ne bambancin aro da kwafi yake, kuma malaman makaranta sun fi kowa ganinsa. A ba ɗaliban kolej ko lise aikin ƙaga labari da Faransanci, sai a iske dusar ƙanƙara tana sauka a takardar yaron da bai taɓa wuce Madawa ba, jaruminsa yana jiran jirgin ƙasa, budurwarsa tana da sunan da aka tsinto a fim ɗin talabijin. Yaron bai yi laifi ba. Shekaru goma da ya yi a lakol sun koya masa, ba tare da wani ya furta ba, cewa adabi abu ne da ke faruwa a wata ƙasa, ga wasu mutane, cikin wani harshe. Abin da ke faruwa a gidansu kuwa zaman duniya ne kawai, bai isa shiga littafi ba. Rubutu da Hausa ma bai tsira daga wannan ba. Cikin littattafan soyayya na Kano da suka cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram tun daga shekarun 1990, waɗanda yanzu magadansu ke yawo a wayoyin hannu, akwai masu nauyi ƙwarai, akwai kuma tarin waɗanda fim ɗin Indiya ne aka sa wa hula da mayafi: gidan sama, jerin motoci, hawaye har shafin ƙarshe. Marubucin irin wannan ya karanta, ya kalla, amma bai saurari maƙwabcinsa ba.

Alhali kuwa jama'ar da yake zaune cikinsu ba su daina ƙaga magana ba ko da rana ɗaya. A dubi sunayen da talakawa ke raɗa wa shekarun yunwa. Ta 1913 zuwa 1914 ana kiranta Kakalaba. Ta 1984 mutanen kudancin Nijar suka sa mata El-Buhari, domin ta zo daidai da lokacin da gwamnatin sojan Najeriya ta rufe iyaka, hatsi ya daina ƙetarowa. Wanda ya fara furta wannan suna ya haɗa tarihi da hukunci da dariyar baƙin ciki a kalma ɗaya, kuma babu wanda ya san ko wane ne shi. Haka kirarin ƴan kokowa a filin takobin ƙasa, da habaicin kishiyoyi a bakin turmi, da sunayen da mata ke ba sabuwar atamfa, da sabbin kalmomin da samari ke ƙerawa a fada suna jiran shayi ya nuna. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Damagaram, irin wadda Yazi Dogo ya yi fice a cikinta a shekarun 1970 da 1980, sun gane wannan tun da wuri. Ba su zuwa da rubutaccen wasa a haddace. Sukan zauna su daidaita a kan jigo da jerin fitowa, sannan kowane ɗan wasa ya kawo maganar alhaji ko ta ma'aikacin ofis ko ta boka yadda ya saba jin ta a gari. Shi ya sa in an sa wasan a rediyo ko talabijin, mai sauraro yakan rantse ya san mutumin da ake kwaikwayo. A Yamai kuma akwai muryoyin tsofaffi da aka naɗa aka adana a cibiyar CELHTO da ta IRSH, aikin da Bubu Hama ya ba ƙarfinsa. Taska ce da ta fi jiran marubuta fiye da yadda marubuta ke nemanta. Kunne ya girmi kaka, in ji masu iya magana.

In kuwa haka abin yake, to jimlar nan da ke faɗo wa marubuci a kan hanyar kasuwa tana da masu ita. Wata tsohuwa ce ta ba shi rabinta shekara ashirin da suka wuce, wani direba ya ba shi sauran a tasha, zuciyarsa ta haɗa su yana barci. Baiwarsa ita ce haɗawar. Kayan haɗin kuwa bashi ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ba abin kunya ba ne. Wuyar tana wajen biya, domin masu bin wannan bashi yawanci ba su san suna bi ba, wasu sun rasu, wasu ba su karanta harshen da aka yi rubutun da shi.

Babu inda wannan matsala ta fito fili a adabin Nijar kamar a littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda aka buga a 1980. Abin da ya faru sananne ne. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar tana ƙone garuruwa tana kashe mutane, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba, kafin a kashe hafsoshin biyu a watan Yuli kusa da Maijirgi, bayan Voulet ya sa an harbe Kanal Klobb da aka aiko ya tsayar da su. A watan Afrilu na wannan shekara rundunar ta faɗa wa Lugu, wani gari na Azna a ƙasar Arewa, yankin Dogon Dutsi, inda Sarauniya Mangu da mutanenta suka ƙi miƙa wuya. Takardun Faransawa ba su ba wannan karo fiye da ƴan layuka ba; Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin rundunar, ya ambace ta ne a matsayin wata tsohuwar matsafiya. A bakin mutanen yankin kuwa, abin da ya fi fitowa shi ne ƙarfin asirinta da yadda ta ɓace wa abokan gaba. Sarautar Sarauniya a Lugu ta addinin gargajiya ce: mai riƙe da ita tana zaune a keɓe, kuma in ta rasu gawarta ake ɗauka, ta hanyar abin da ake kira tarkama, ta nuna wadda za ta gaje ta.

Daga waɗannan ƴan layuka da wannan ruwaya Mamani ya gina wata mace dabam: matashiya, mayaƙiya, mai jan baka da kanta, mai jawabin haɗa kan kabilu ba tare da duba addininsu ba. Mamani ɗan gwagwarmayar Sawaba ne, ya yi shekaru yana gudun hijira, ya kuma ɗanɗana kurkuku bayan dawowarsa. Ba abin mamaki ba ne in Sarauniyarsa ta yi magana da muryar masu neman ƴancin Afirka na zamaninsa. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, aka ɗauke shi a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Daga nan sunan ya shiga littattafan makaranta da waƙoƙi da raye-raye, har gidan rediyo ya ɗauke shi. Yau in aka tambayi ɗalibi wace ce Sarauniya, ta Mamani zai kwatanta, yana zaton tarihi yake faɗa.

Shin ya biya bashin ko ya ci amana? Mai gaggawar hukunci zai zaɓi ɗaya ya huta. Wanda ya ce ya ci amana yana da hujja: an ɗauki sunan wata mace ta gaske, mai zuriya da magada, an cire mata abin da mutanenta suka fi girmamawa a gare ta, an sa mata tufafin da ƴan boko za su so, labarin marubuci ya danne na masu abin, da Faransanci kuma, harshen da mafi yawansu ba su karantawa. Wanda ya ce ya biya shi ma yana da tasa: ba don littafin ba, da sunan Mangu bai wuce ƴan garuruwan Arewa ba, da abin da duniya ta sani game da Lugu shi ne layukan wanda ya zo ƙone ta. Mamani ya karɓi ƙwarya guda ya mayar da rumbu, ko da yake hatsin da ke ciki ba irin wanda aka ba shi ba ne. Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a ce marubucin ya yi aikinsa, domin ƙagaggen labari ya rubuta kuma bai ce kundin tarihi ba ne. Ragowar bashin ya koma wuyan masu koyarwa, waɗanda ya wajaba su faɗa wa ɗalibai cewa Sarauniya biyu ce, ta littafi da ta Lugu, kuma ta biyun ba ta zama ƙarya ba don ta farkon ta fi ta suna.

Wannan game da matattu ke nan, waɗanda tarihi ya riga ya mai da su na kowa. Lamarin rayayyu ya fi tsanani. Marubucin da ya koyi sauraro zai ji abubuwan da ba don a rubuta aka faɗa masa ba: dalilin mutuwar auren ƙanwarsa, bashin da ya karya wani attajirin unguwa, cikin da aka ɓoye a gidan maƙwabta. Kuma abin takaici, waɗannan su ne labarai masu rai, su ne ke hana shi barci. Ana cewa Flaubert ya samo tushen Madame Bovary, wanda ya fito a 1857 bayan wajen shekara biyar yana aikinsa, daga labarin matar wani ma'aikacin lafiya a wani ƙauyen Normandi, wadda bashi da neman maza suka kai ta ga halaka. Duniya ta sami babban littafi. Iyalin matar kuwa sun sami abin da ba su roƙa ba, domin har yau masu yawon buɗe ido na zuwa ƙauyen saboda abin kunyarsu. A garuruwa irin Tasawa ko Ƙonni, inda kowa ya san kakan kowa, canza suna ba ya ɓoye mutum. A ce "wani alhaji mai mata uku da shagon taya a bakin tasha", an gama faɗin sunansa. Addini ya kira ambaton mutum da abin da yake ƙi a bayan idonsa giba, al'ada kuma ta ɗora rufin asiri a kan kusan kowace ɗabi'a ta kirki. Giba ba ta zama halal don an buga ta a inji an yi mata bango mai launi.

Sai dai in aka tsaya nan an yi rabin magana, kuma rabin mai haɗari. Da rufin asiri ne kaɗai ma'auni, da babu abin da za a rubuta sai yabon sarakuna da kwatancin damina. Zalunci da yawa a ƙarƙashin rufin asiri yake kwana: yarinyar da aka cire daga aji aka kai ɗakin sa'an kakanta, matar da aka kora da ƴaƴa ba ko mudun gero, marayan da baffa ya cinye wa gado. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka aurar tana ƙarama aka katse mata karatu, daga abin da ta gani ta kuma ɗanɗana ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, kuma mata da yawa a ɓangarorin iyaka biyu sun ga rayuwarsu a ciki. Da ta yi shiru don kunya, da waɗanda suka amfana da shirun su ne masu yin abin. Saboda haka tambayar da ta kamaci marubuci ita ce asirin wa zai tona, kuma wa zai ji ciwo in ya tona. Tona halin mai ƙarfi da ke fakewa da al'ada daban yake da tallata raunin wanda ya amince da kai ya yi maka kuka. Na farkon yana iya zama biyan bashi ga wanda aka zalunta. Na biyun cin amana ne ko da jimlolin sun yi kyau. Akwai kuma aikin da ke raba marubuci da magulmaci, shi ne narkarwa: ya haɗa mutum biyar ya fitar da ɗaya, ya ɗauke labarin daga garinsu ya kai shi wani, ya jira shekaru har zafin ya huce, ya cire duk abin da zai nuna ƙofar gida ya bar abin da zai nuna hali. In mai karatu ya rufe littafin yana cewa "wannan wane ne", aikin bai nuna ba. Wanda ya nuna shi ne wanda zai sa ya yi shiru yana tunanin gidansu.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu suna da abin yi a nan wanda bai buƙatar kuɗi. Maimakon a ce wa ɗalibi ya ƙago labari daga kansa, alhali kan nasa cike yake da fina-finai, a aike shi wurin wata tsohuwa a unguwarsu ya tambaye ta yadda aka ci shekarar El-Buhari, ko wurin maƙeri, ko wurin mai kabu-kabu. Ya nemi izini, ya faɗi abin da zai yi da maganar, ya rubuta ta da Hausar da aka faɗe ta, da karin harshen Adar ko na Gobir ko na Damagaram, kada ya gyara ta zuwa ta Kano tukuna. Sannan ya koma gida ya ƙaga nasa labarin daga ciki, da Hausa ko da Faransanci. Mataki na ƙarshe shi ne mai wuya, kuma shi ake yawan tsallakewa: ya koma wurin tsohuwar ya karanta mata abin da ya rubuta, in da Faransanci ne ya fassara mata.

Ba lalle ta ji daɗi ba. Tana iya yin dariya ta ce ya sa mata maganar da ta fi tata daɗi. Tana iya ɓata rai ta ce: "Ɗan nan, ba haka na faɗa maka ba, mijina bai gudu ya bar mu ba, cin rani ya tafi." A nan yaron zai tsaya tsakanin labarinsa, wanda gudun mijin ne ya ba shi ƙarfi, da matar da ke zaune gabansa a kan tabarma. Wani zai gyara, wani zai canza gari da suna ya bar gudun, wani zai ajiye takardar a akwati sai bayan ranta. Malamin da ya aike shi ba zai iya zaɓar masa ba, kuma bai kamata ya rage masa maki don ya zaɓi na ukun ba.